Kwamfutata Ta Daina Jin Maganata

Litinin, 3 ga Maris

An sallamo ni daga asibiti. Hannun dama yana nan kamar na aro. Da hagu nake rubutun nan, kamar kaza ta yi tono. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki sai haƙuri. Duk wanda ya shigo dubiya, haƙuri.

Laraba, 5 ga Maris

Na kunna kwamfutata. Maimakon baƙin allon da na saba, inda nake buga sunana da kalmar sirri, sai ga shuɗin allo da hotona a tsakiya ina murmushi kamar ɗan takara. Ashe surukina ne, mijin Auta, ya zo ina kwance ya "gyara" mini. Wai yanzu hoton kawai zan danna. "Don a sauƙaƙa maka ne, Baba." Ni da na ƙare ƙuruciyata ina kula da kwamfutocin mutane, ni ake sauƙaƙa wa. Ko tambayata ba a yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na buɗe tagar umarni, na buga "shiga", ɗan shirin da na rubuta da kaina don leƙa kwamfutar wani kantin magani da nake yi wa aiki daga gida. Ta ce ba ta san wannan umarnin ba. Na gwada sauran, haka. Duk gajerun kalmomin da na koya mata sun bi iska.

Na san dalili sarai. Saitunana suna cikin .bash_profile, shi kuwa sai an shiga ta baƙin allo ake karanta shi. Mai hoton nan wucewa yake yi ta kansa, nasa fayil ɗin daban. Amma sunan fayil ɗin? Yana bakina, ya ƙi fita. Tun ciwon nan kalmomi ke yi mini haka. Jiya cokali na nema, na ce wa matata ta miƙo mini "abin nan, abin nan".

Lahadi, 9 ga Maris

Ban kunna ta ba.

Talata, 11 ga Maris

Mai kantin magani ya kira da hantsi, lissafin kayansu ya tsaya, layi ya kai ƙofa. Shi kaɗai ya rage mini cikin masu ba ni aiki. Na ce ya ba ni minti kaɗan. Na yi ta laluben doguwar hanya da yatsa ɗaya, ina bugawa ina gogewa, gumi har cikin ido. Kafin in isa ya sake kira. "Yallabai ka huta kawai, mun samu wani ya duba. Lafiyarka ta fi." Muryarsa da daɗi, kamar mai yi wa yaro wayo. Na san ba zai ƙara kira ba.

Auta ta kawo shayi, na ce ta mayar. Na ce ta gaya wa mijinta ya gama da ni. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, da hannun nan za ka buga waccan doguwar kalmar sirrin?" Ta fita tana share ido. Ni aka cuta, ita ke kuka.

Asabar, 15 ga Maris

Surukina ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ciki-ciki. Ya ce zai mayar da komai yadda yake. Na ce ya zauna tukun, tunda ya iya ɓarna ya koyi gyara. Na yi masa bayanin ƙofofi biyu: ta baƙin allo tana karanta saitunana, ta hoto ba ta karantawa. Ya ce wallahi bai sani ba, shi ya ɗauka shiga shiga ce. Da na zo kan sunan fayil ɗin sai na maƙale. Bai cika mini maganar ba, yadda kowa ke yi yanzu. Sai ya jero ɓoyayyun fayiloli a allo, yana bi da yatsa a hankali. Da ya zo kan .profile na buga tebur, shi ne fayil ɗin.

Ina faɗa yana bugawa. Hanyar da kwamfutar ke bi ta samo shirye-shiryena muka mayar can, gajerun kalmomin kuma cikin wani fayil, .bashrc. Muka fita muka sake shiga. Na buga "shiga". Ta gane.

Sai dai babu inda zan shiga. Kantin sun canza kalmar sirrinsu.

Juma'a, 21 ga Maris

Ya bugo waya, wai yaushe zai zo ya cire allon hoton. Na ce ba ni da lokacin wannan yanzu, a bar shi tukun. Ba wai ya yi mini ba ne. Sauri kawai.

Ya ce akwai wata kwamfuta a ofishinsu da ke ba su ciwon kai, ko zai kawo in duba. Wataƙila Auta ce ta kitsa masa, don a samo wa tsoho abin yi. Na sani. Na ce ya kawo gobe da safe, kuma kada ya taɓa komai kafin in gani.