Auta da Idon Direba

Litinin, 7 ga Yuli
An kusa dogon hutu, ni kuwa ban san yadda zan yi da Auta ba. Mamanta tana aikin safe a asibiti, yayyenta duk sun bar gida. Dole ta riƙa zuwa shagon ɗinkina ta wuni, ga babban titi tsakanin gida da shagon. Ita kaɗai za ta tsallaka, shekararta takwas.

Talata, 8 ga Yuli
Wai malamarsu ta fara koya musu tsallaka titi da hawan keke. Na ce madalla. Sai Auta ta ce, kanta a ƙasa, "Baba, Malama ta ce kada mu tsallaka sai mun haɗa ido da direba."

Haɗa ido! Ni da na sha wahalar koya wa yarinyar nan sunkuyar da kai a gaban manya. Duk layinmu da ita ake misali. Gobe sai na ga malamar nan.

Laraba, 9 ga Yuli
Na tafi da faɗa a bakina, na dawo da abina.

Malamar 'yar ƙaramar mace ce, murya duk ta dishe. Ta zana titi da alli a filin makaranta, ta ɗora maigadin makarantar a keke ya zama mota. Kowane keken yara sai da ta matsa birkinsa da hannunta, wanda bai kama ba ta jingine shi gefe, kukan mai shi bai dame ta ba. Ta san mai gaggawa, ta san mai barci a tsaye. Ban taɓa ganin mai haƙuri da 'ya'yan wasu haka ba.

Da aka zo kan Auta, ta duba dama, ta duba hagu, ta ga maigadi ya rage gudu, sai ta sunkuyar da kai ta taka. Shi kuwa an sa shi ya yi kamar yana waya, sai da ya taɓa siket ɗinta ya tsaya. Wasa ne, amma sai da na zabura.

Malama ba ta yi tsawa ba. Durƙusawa ta yi daidai tsayinta tana mata magana a hankali. Da ta tashi ta ce mini, "Baban Auta, ladabin 'yarka yana burge ni. Amma rage gudu ba ya nufin an gan ta."

Juma'a, 11 ga Yuli
An ce mu gwada a gida. Na zauna a kujera ina tuƙi da murfin tukunya. Auta ta ɗago ido, ta mayar, ta ɗago, ta fashe da kuka. Mamanta ta ce, "Ɗinkinka ne, malam tela, sai ka warware da hannunka." Ban ji daɗin dariyar ba.

Laraba, 16 ga Yuli
Na hango su daga shago bayan an tashi makaranta. Malama da Auta a bakin titi, cikin rana, suna ta maimaitawa. Ba wanda ya sa Malama wannan aikin.

Litinin, 21 ga Yuli
Ranar farko ta hutu. Na kasa ɗinka ko maɓalli, ina ƙofar shago.

Auta ta iso bakin titi. Wani dattijo a farar mota ya rage gudu. Ba ta motsa ba. Ta tsura masa ido, har ya tsaya cak ya ɗaga mata hannu, sannan ta tsallako a natse.

Ya leƙo ta taga yana cewa, "'Yar wa ce wannan mai kallon manya haka? Wa ya koya mata?"

Na ce, "Ni ne ubanta, ni na koya mata."

Ba gaskiya ba ne, Malama ta yafe mini. Har yanzu ina ganin bai dace yaro ya riƙa kallon manya ba. Amma da ƙarfi na faɗa, duk layin shagunan sun ji.