Ku Tayar da Innarku Daga Gado

Shamsiyya,

Ina gaishe ki da yara da mutanen Wara. Ni lafiya lau a Fatakwal, sai ɗan tari.

Na daɗe ina faɗa, ba mai ji. Tun da sanyin ƙashi ya kama innarku kuka kwantar da ita, kuka hana ta kifi, wai yana ƙara sanyi. Matar gidan da nake gadi ciwonsu ɗaya. Likita ya sa ta tattaki da safe, da cin kifi da ganye, ga ta nan tana fita da ƙafarta.

Allah ya yi muku albarka. Amma gaisuwa ta ishe ni haka. Wani ya amsa mini: innarku tana iya riƙe moɗa da hannunta, ko har yanzu a baki kuke ba ta ruwa?

Babanki,
Yusha'u