Ruwan da Auta Ya Tare

Zuwa ga Dogo,

Kada ka kuskura ka yaga takardar nan kafin ka kai ƙarshenta. In ka yaga, ban yafe ba. Bayan haka ina gaishe ka, don ni dai ba a koya mini fara magana babu sallama ba.

Likita ya ɗinke hannun Auta, amma ya ce yatsun ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Ni na wanke rigarsa. Na sake ruwa, na sake, yana fitowa ja. Ƙanenka fa, wanda ka goya a bayanka.

Me ya yi maka? Gwamnati ta aiko malamin gona, ya ce damina ta sauya hali, kowa ya jera duwatsu ya tayar da ganuwar ƙasa a gonarsa don ruwa ya tsaya ya nutse. Har iri mai nuna da wuri aka raba muku. Auta ya kwashe rani yana dakon dutse, kai kana gindin bishiya kana cewa, "Injiniya, sannu da gina dam!" Da gonarsa ta tudu ta yi shar, taka ta gangare ta yi yaushi, sai ka ɗauki fartanya ka hau fasa ganuwar. Ya sa hannu ya kare, ka sara. Ka bar shi cikin laka ka gudu birni. Gudu ba ya wanke jini. Ka dawo.

Allah ya shirye ka.
Mahaifiyarka.

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kina lafiya, ke da yara. Na karanta har ƙarshe.

Inna, kin ji da kunne ɗaya. Tun Baba na da rai, ruwan tudu ke gangarowa ya jiƙa gangare. Da kuka raba mana gonar, ba wanda ya ce an raba har da ruwan. Ban yi ganuwa ba, gaskiya ne, amma me zan tare tunda ya riga ya tare a sama? Na same shi na ce, "Auta, buɗe mini ko tafin hannu, shukata na mutuwa, ina da 'ya'ya." Ya yi dariya ya ce, "Yaya, je ka gindin bishiyarka ka shayar da ita da surutu." Da na fara fasawa, shi ya fara ɗaukar dutse. Haƙorana na gaba suna can cikin lakar, yanzu da ƙyar nake tauna. Ban ga hannunsa ba, jini ya rufe mini ido.

Kuma an gaya mini yana wasa adda. In na dawo, ɗayanmu za ki binne.

Ki yafe mini.
Ɗanki.

Zuwa ga Dogo,

Gaisuwarka ta iso, na amsa.

Na shiga ɗakin Auta da takardarka, na ɗaga tabarmarsa. Addar na nan, bakinta na ƙyalli. Da hannun hagu yake wasa ta, mara kunya. Na ce, "Dutse ka jefi yayanka?" Ya sunkuyar da kai. Da bandejinsa da komai na kwaɗa masa mari har matarsa ta yi ihu. Na ce mata ta matso in ƙara da ita, tunda ita ke miƙo masa dutsen washi.

Ga labarin gonarku kuma. Shekaranjiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya bi ta inda ka fasa, ya kwashe ƙasar Auta da shukarsa, ya zuba a kan taka, ya yanka kwazazzabo tsakiyarta har ƙugun mutum. Ruwan da ka zubar da jini a kansa, ga shi ya zo maka. Malamin gona ya duba, ya ce in an toshe inda ka fasa kafin ruwa na gaba, aka bar wa ruwa mafita ta gefe, za a tsira da rabi. Mai hannu ɗaya ba ya ɗaga dutse. Kai za ka ɗaga.

Addar tana ƙarƙashin gadona, tare da duk fartanyun gidan nan.

Mahaifiyarka.

Inna,

Ina gaisuwa. Ina zuwa ran kasuwa. In ya taɓa ni fa?

Ɗanki.

Dogo,

Allah ya kawo ka lafiya. In ya taɓa ka, ni ya taɓa.

Na sa an tuge iyakar da ke tsakaninku. Daga yau gona ɗaya ce, rumbu ɗaya, mabuɗinsa a ƙuguna. Fartanya daga hannuna za ta fita da safe, hannuna za ta dawo da yamma. Kuma duk wanda ya sake ɗaga ƙarfe ko dutse a kan ɗan'uwansa, ranar da na mutu kada ya sa hannu a makarata.

Mahaifiyarku.