Na ce wa nas amai da gudawa ne

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku tsine mini, ni ma na daɗe ina tsine wa kaina.

Ni manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. A shekarun tamanin, wata shekara da amai da gudawa ya yi ta kwasar mutane, hukuma ta raba aiki: asibitin gwamnati na masu annoba ne kawai, mai rauni da mai haihuwa da mai neman tiyata su tafi asibitin kuɗi. Maƙwabcin gonata, bari in kira shi Idi, daga magudana ɗaya muke jan ruwa, kowa da ranarsa. Wata rana da hantsi na iske ya ɗauke bututuna ya juya ruwan cikin albasarsa, tumatirina kuwa ya yi yaushi kamar tsumma. Na ce, "Idi, yau ranar wa?" Ya ce, "Ruwan na ubanka ne?" Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya, ban san sanda na juya shebur na zuba masa ƙotar a ciki ba. Ya durƙusa, na ƙara masa a haƙarƙari, na bi shi da ƙafa ina tattakawa har na gaji don kaina. Ko ɗigon jini bai fito ba. Sai amai, sai zufa mai sanyi, idanunsa suka faɗa.

Tsoro ya kama ni, na saɓa shi a kafaɗa zuwa titi, mutane na darewa don sun ɗauka annobar ce, na samu a-kori-kura. A ƙofar asibitin gwamnati wata nas ta tare mu, ta ce, "Malam, annoba ce ko wani ciwon? In faɗuwa ya yi ko duka, ku wuce asibitin kuɗi, can likitan tiyata yake." Na san can sai an ɗaga rigarsa, sai an kira 'yan sanda. Idi ya buɗe baki yana nuna cikinsa, na damƙe hannun na murɗe masa yatsu, na ce, "Amai da gudawa ne, Sista." Wane irin mutum ne ke yin haka? Aka kwantar da shi a tabarma ƙarƙashin rumfa cikin masu annoba, ana ta ƙara masa ruwa kwalba bayan kwalba, jini kuwa na zuba a cikin cikinsa. Ya kalle ni ya ce, "Kai ni can, ba zan faɗa ba." Na ce, "Sannu Idi, sauƙi na nan tafe." Kafin la'asar ya cika. Ma'aikata suka yi masa wanka da magani suka naɗe shi, ba a bar danginsa sun ga jikinsa ba.

Kun san me ya biyo baya? Yabo. Ni ne wanda ya ɗauki mai annoba a kafaɗa ranar da kowa ya gudu. Matarsa ta durƙusa har ƙasa tana yi mini godiya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ci gaba da noma wa marayunsa gonar, kunya ce ke sa ni, su kuwa suna cewa amana ce. Babban ɗansa Sani a hannuna ya tashi, Baba yake ce mini.

Jiya Sani ya zo yana murna, matarsa ta haifi namiji. Ya ce, "Baba, sunanka zan sa masa, kuma kai za ka yanka ragon. Wa ya tsaya wa mahaifina in ba kai ba?"

Ranar suna saura 'yan kwanaki. In na faɗa, na kashe wa Sani uba karo na biyu, wataƙila ma ya ɗauki wuƙar ragon ya yi kaina, kuma ba zan ga laifinsa ba. In na yi shiru, jikan Idi zai rayu yana amsa sunan wanda ya kashe kakansa. Me zan yi?