Ƙusar da Ba Ta Karyewa

Wudil,
18 ga Yuli, 1976.

Zuwa ga ƙanena Isyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Turai da jaririya. Allah ya tsare ka daga sharrin ruwan Fatakwal, ya sa albarka a aikinka, amin. Mu nan lafiya ƙalau. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu. Inna ta warke daga ciwon ƙafar nan, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka kuwa san wannan ita ce alamar lafiyarta. Ta ce in tambaye ka ko a can ba a sayar da takarda da biro ne, don rabonmu da wasiƙarka tun Mauludi.

To, ga abin da ya zaunar da ni rubutu bayan an tashi yara daga makaranta, kuma ka sani Baba bai san ina yi ba. Injin jirgin fiton da ka sayo masa da kuɗinka na ƙarin albashin Udoji ya tsaya, yau fiye da kwana arba'in. Kafin ka ɗaure fuska, bari in gaya maka ba sakaci ba ne. Ni dai ban taɓa ganin ana renon ƙarfe haka ba. Kullum ya dawo daga fito sai ya goge shi tas, ya kwance fulogi ya kankare baƙin da ke bakinsa, ya tace fetur da ƙyalle, ya auna man da ake gaurayawa da gwangwanin nan da ka yi wa alama, ba ƙari ba ragi. Mu da ya haifa ban tuna ya taɓa duba mu haka ba. Inna ma autan gida take kiran injin.

Abin da ya jawo tsiyar shi ne ƴar ƙusar nan mai taushi da ke riƙe farfela, wadda ka bar masa guda goma a kwalin ashana. Duk sanda farfela ta daki kututture sai ƙusar ta karye, ya ja gefe ya sa wata. Wannan abu ya yi ta cin ran Baba. Ya ce Turawa sun ƙera inji mai kyau, sai suka yi rowar ƙarfe a wuri ɗaya. Da ya ga saura biyu, sai ya kai wa amininsa Gwadabe maƙeri, shi kuwa ya juya ta ya ce wannan ai abin kunya ne, ko ɗan koyo ba zai yi ta ba. Ya ƙera masa wata da ƙarfen sifirin mota, ya rantse har jikokinka ba za su ga karyewarta ba. Kuma bai yi ƙarya ba. Wata Juma'a Baba ya ɗebo mutane da kayansu za su kasuwa, farfela ta daki gungumen da ruwa ya kawo. Ƙusar Gwadabe ko lanƙwasa ba ta yi ba, amma giyar da ke ciki ta zubar da haƙori huɗu. Labaran bakanike da ya buɗe ya ce ai da gangan aka yi ta da taushi, don ta karye ita kaɗai inji ya tsira. Garin neman gira aka rasa ido ke nan. Gwadabe ya ji kunya ƙwarai, amma na lura da aka miƙa masa ƙusarsa sai da ya ɗan murmusa.

Labaran ya yi mana ƙoƙari, Allah ya saka masa. Sau uku yana shiga Kano. Ya bi shagunan Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya, ya je Ƙofar Ruwa ya tona tsofaffin ƙarafa. Ya ce kayan mota da na babur kamar ƙasa, tunda yanzu kowa ya hau sabo, amma da ya ce na jirgin ruwa yake nema sai a tambaye shi wane teku aka haƙa a Kano. Wani babban shago suka ce kayansu na cikin jirgi a Ikko, yana layi bayan jiragen siminti, ba wanda ya san ranar saukewa. Wani kuma ya ba shi giyar injin ban ruwa, ya zo ya ƙirga ya tarar haƙorinta goma sha biyar, tamu kuwa sha uku. Daga ƙarshe ya gwada walda, ta kai su tsakiyar kogi ta sake warwarewa.

Yanzu abin da ya fi damuna shi ne Baba kansa. Ya hana kowa ya gaya maka. Kullum da safe sai ya sa a kai injin bakin kogi, ya ɗaura shi a bayan jirgi, ya lulluɓe da buhu, sannan ya ɗauki gora ya koma tuƙin da ya bari shekara guda da rabi. Duk wanda ya tambaya sai ya ce fetur ne ya yi wuya, da yake kuwa a ƙasar nan mai arzikin mai layi ba ya ƙarewa a gidan mai, kowa ya yarda. Mutum ya haura sittin, da yamma sai Inna ta gasa masa kafaɗa da ruwan zafi kafin ya iya ɗaga hannu ya ci tuwo. Na ce masa tunda injin ba ya aiki ya bar shi a zaure mana, nauyi kawai yake ƙara masa. Sai ya ce, "Yaron nan shekara tara yana garin mutane kafin ya sayo shi. Ba zan bari a ce kyautarsa ta zama ƙarfen banza a hannuna ba." Wallahi Isyaku, tashi na yi na shiga ɗaki don kada ya ga idona.

Don haka ga Bilya direban motar shanu nan, shi zai kawo maka takardar nan tare da giyar da ta karye, na naɗe ta a tsumma. Lambar da ke jikin injin na kwafa a bayan takarda, sau biyu na duba. Labaran ya ce ka sayi giyar tare da abokiyar gaminta, don sabuwa ba ta zama da tsohuwa, ka haɗa da robar da ke hana ruwa shiga da man giya, da ƙusoshin nan masu taushi ko cikin mudu ne. A can inda jirage suka fi jakuna yawa na san ba za ka rasa ba. Sannan ka rubuta wa Baba tasa daban, kada ka yi masa faɗa ko da wasa. Ka ba shi labarin injin kamfani da ka ƙone sanda kana koyo, wanda ka ba ni muka yi ta dariya, ya san ba a kansa farau ba. Zai gane ni na tona, zai yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata, wannan na ɗauka.

Inna tana gaishe ku, haka Kawu Ɗantani da Gwaggo Hansai da maigidana da yara duka. A gaida Turai, a shafa min kan takwarata. Baba ma da ya san ina rubutu da ya gaishe ka fiye da kowa.

Bilya zai juyo ran Laraba ta sama, don Allah kada ya dawo hannu wofi. Ruwa ƙaruwa yake yi kullum, ga Agusta tafe. Jiya na tsaya a bakin kogi ina kallon Baba yana ƙetarowa da mutum tara. A tsakiya sai da ya duƙa hannunsa ya nutse har gwiwa kafin gorar ta taɓa ƙasa.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Rabi.