Ƙwallo Biyun da Aka Zura wa Na'ima

Unguwar Dosa, Kaduna
Alhamis

Aikin farko yau: kai waya caji shagon Sani.

Assalamu alaikum Na'imatu 'yata. Kin tashi lafiya? Ya baƙunta, ya abincin mutanen Kudu? Kada ki yi dariyar layin da ke sama, a littafin ayyukana nake rubuta miki, in na gama in ɗauki hoton takardar in turo ta waya. Kin san Gwaggonki, a baki rikicewa nake yi.

Maganarki ta ran Lahadi ta hana ni sakat. Kin ce sauran 'yan ƙungiyarku ana kiransu daga gida bayan kowane wasa, ke kuwa babu wanda ya taɓa ganin kina tsaron raga, har kina tunanin tattaro kayanki ki dawo. Ni na goya ki, ni na tsaya gaban babanki har ya bari kika tafi. To na ɗau alkawari, wasan Asabar zan kalla.

Yadda zan kalla ɗin ne ban gano ba tukuna. Manhajar da kika faɗa sai an biya kuɗin wata, na sa katina ya ƙi shiga, ko ni ce ban iya ba, oho. Na je gidan kallon Nazifi na bakin layi, daga ƙofa na tsaya. Ya ce, "Hajiya, ƙwallon mata? So kike 'yan kallo su jefe ni da benci?" Amma Mardiyya maƙwabciyarmu ta ce akwai shafukan da ke nunawa kyauta. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya a ofis lokacin hutu, wanda ya ƙi in soke shi. Wani har ya ce min na ci mota.

Ki ci abinci, ki riƙe sallah.
Gwaggonki Hafiza

*

Asabar

Assalamu alaikum Na'imatu. Alhamdu lillahi, na samu, na kalla! Sunan ƙungiyarku a sama, ga jan rubutu wai kai tsaye ne. Mu uku a tsakar gida, ni da Mardiyya da Harira mai ɗinki, waya a jingine da kwanon sha.

Wannan fili naku! Cike maƙil, ciyawa kamar an shimfiɗa darduma. Ashe haka kike tashi sama? Da kika tare bugun fenaritin nan Harira ta rangaɗa guɗa har mijinta ya leƙo ta katanga yana cewa wa ta haihu. Ta ce, "'Yarmu ce ta hana a ci mu, koma ka ci tuwonka." Uku da nema, kuma ko ɗaya ba a zura miki ba.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya min: daga nesa ake nuno ki, ban ga ɗankwali a kanki ba, kuma kamar kin ƙara tsawo. Wataƙila idona ne, na daɗe ban canja tabarau ba.

Allah ya ƙara ɗaukaka.
Gwaggonki mai alfahari da ke

*

Gwaggo ina wuni.

Na karanta. Gwaggo, ban buga ba. A benci na zauna daga farko har ƙarshe. Ɗaya da ɗaya aka tashi, babu fenariti. Ruwa aka wuni ana yi, filinmu rabinsa taɓo ne, 'yan kallo kuwa sai ki ƙirga su da yatsa.

Da kin ce min ba ki samu dama ba, wallahi ba zan ji komai ba, na saba. Amma ke ma, Gwaggo? Ke da nake cewa duk duniya ba ki taɓa yi min ƙarya ba, har da guɗar Harira aka haɗa don a lallashe ni? Ni ba yarinya ba ce. Don Allah kada ki ƙara cewa kin kalla.

Na faɗa wa koci bayan wasan Asabar mai zuwa zan ba shi amsa, ko in zauna ko in tafi.

Ki gaida gida.
Na'ima

*

Talata

Assalamu alaikum Na'imatu. Na kira ba ki ɗauka ba, ban ga laifinki ba. Tun da saƙonki ya shigo na kasa zama wuri ɗaya. A ofis na buga takarda guda sau uku. Har na fara tambayar kaina ko mafarki na yi, sai da na je na tambayi Harira ko da gaske ta yi guɗa.

Jiya na koma wajen Nazifi na miƙa masa wayar. Bai yi minti ɗaya yana kallo ba ya dafe ƙofa don dariya. Ya ce, "Hajiya, wannan ai wasan kwamfuta ne, irin wanda ake bugawa a shagon nan na gaba. Wasu ke sa sunan ƙungiyoyi su ce kai tsaye ne don a taru a kalli talla. Duba, akwai wadda ta yi gumi a ciki?" Na duba, babu. 'Yan kallon ma tare suke ɗaga hannu, tare suke saukewa. Na lura da haka ran Asabar, na ce wataƙila haka ake yi a can, wa ya san ni da ƙwallo.

Mata uku da hankalinmu muka wuni muna yi wa zane addu'a. Ban yi miki ƙarya ba, wauta na yi. Na san daga inda kike duk ɗaya ne.

Da Nazifi ya gama dariyar ya ce ƙananan ƙungiyoyi kan ɗauki wasansu da waya su sa a shafinsu na Fesbuk. Ina nema. Ba zan yi alkawari ba wannan karon.

Gwaggonki

*

Asabar

Assalamu alaikum. Kin ce kada in ƙara cewa na kalla, to ba zan ce ba. Ga dai abin da ya faru.

Shafin abokan karawarku ne. A tsakar gida hoton ya ƙi motsi, sai Mardiyya ta hau da ni da Harira benensu, kusa da tankin ruwa, can sabis ya fi. Mai ɗaukan hoton hannunsa rawa yake yi, kan wani mai hula ya tare rabin fili, akuya ta ratsa ta bayan raga. Sai ga ki, baƙin ɗankwali, kina gyara safar hannu da haƙori, halin da na hana ki tun kina cizon hannun riga.

An zura miki biyu. Ta farko babu yadda za ki yi. Ta biyun laifinki ne, Na'ima. Kin fito da wuri, kika tsaya a tsakiya kina shawara, yadda kike yi in za ki tsallaka titin Kawo. Bayan nan kika doki ƙasa, kika yi wa mai lamba huɗu tsawa, alhali ba ita ta yi ba. Ki ba ta haƙuri.

Ana dawowa daga hutun rabin lokaci kin tare wata da ƙafa, Harira ta buɗe baki za ta yi guɗa, data ta ƙare. Ban san yadda aka tashi ba.

Kin rame.

Gwaggonki Hafiza

*

Gwaggo ina kwana.

Biyu da ɗaya aka tashi, an ci mu. Abin da kika faɗa shi koci ya faɗa, sai dai shi bai san titin Kawo ba. Na ba mai lamba huɗu haƙuri, ta ce a gaishe ki.

Ban rame ba, wayar mutumin ce.

Na ce masa zan zauna. Asabar a gida za mu buga. Ki yafe min.

'Yarki Na'ima

*

Lahadi

Wa alaikumus salam 'yata. Babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai dai ƙungiyarku ba ta da shafi, na duba. Ban san yadda za a yi ba tukuna. Ga ayyukan gobe:

Tambayar Na'ima ko cikin 'yan benci akwai mai riƙe waya hannunta ba ya rawa.
Sayen data, mai yawa.
Roƙon Mardiyya makullin bene.
Dambun nama, a kai tashar Mando.
Tabarau.