Ɗan Tsakon da Ba Ya Gani

Talata Mafara,
Sha'aban, 1979.

Zuwa ga yayata, Adda Zainabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Malam Balarabe da yara, ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar da sanyin Jos ke tayarwa. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarmu Dada tana sa miki albarka. Tun da ruwan madatsa ya ci tsohon gidanmu aka zaunar da su a sabuwar Maradun, kuma har yanzu takan fita gaida maƙwabta ta ɓata hanya, ta dawo tana faɗa wai gidajen duk kamarsu ɗaya.

Takardarki ta ta'aziyya ta iso, Allah ya saka da alheri. Na karanta shawararki cewa a bar matata Barira ta koma wurin iyayenta a Gidan Goga har zuciyarta ta yi sanyi, ban kuwa musa ba. Tun rasuwar ɗiyarmu ba ta cin abinci sai an matsa mata, kuma maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Kin san 'yar fari ce. Ba mu taɓa kiran sunanta ba tana raye, da ta tafi sai muka rasa ta inda za mu soma zancenta. Na ji tsoron cewa in Barira ta bar gidan nan a wannan hali ba za ta dawo ba. Duk da haka na aika wa yayanta Lauwali ya zo ya tafi da ita.

Kafin ya iso, kazar da Dada ta ba yarinyar ta yi ƙyanƙyasa. A cikin 'yan tsakin akwai ɗaya da ya fito da idanu farare. Uwar na kira, shi yana juyawa wuri ɗaya. A makarantar aikin gona an koya mana cewa irin wannan ba a barinsa, kuma haka na faɗa a tsakar gida. Sai Barira ta fito daga ɗaki, ta ɗauke shi ta sa a gefen zaninta, ta ce in kai karatuna gonar shinkafar gwamnati inda nake aiki, in bar mata kajin gida. Adda, ban ji magana mai tsawon wannan daga bakinta ba tun ranar jana'iza, kuma da godiya na karɓe ta.

Ita ta gano cewa in ta ƙwanƙwasa faranti da farce yakan bi ƙarar har ya sami ɓarzajjen geron, ruwa kuwa sai an tsoma masa baki a kasko. Ni na ƙara da ɗan abin da na sani: kada a gusar da farantin ko kaskon daga inda ya saba, a kuma haɗa shi da ɗan'uwansa mai sanyin hali a ƙarƙashin kwando saboda shirwa. Kafin in tafi aiki nakan haƙo masa gara a bayan gida. Wata safiya muna tsugune a gindin kwandon, ya taka cikin faranti ya watsar da gero, sai ta ce haka yarinyar take yi da kwanon tuwo lokacin tana rarrafe. Na ce na tuna. Muka daɗe muna zancenta. Sauran ba na rubutawa ba ne.

Lauwali ya iso ranar kasuwa. Da ya same ni riƙe da kaskon gara ya yi dariya, ya ce ashe babban ma'aikaci ya koma ɗan jagora, a jefa makahon cikin ƙwarya a tafi da shi mana. Barira ta ce ba inda za shi, tsakar gidan nan kaɗai ya sani, in aka sauya masa wuri yunwa za ta kashe shi abinci na gabansa. Ya tambaye ta har yaushe za ta zauna gadinsa. Ta ce har ranar da ya yi cara, in kuma mace ce, to ya daina jiran ta. Sannan ta tashi ta ɗora masa girki, ita ma ta ci. Shi kaɗai ya koma.

Ban san ko ɗan tsakon zai rayu ba, ko da yake fuka-fukansa sun soma fitowa. Ki dai ci gaba da yi mana addu'a.

Ki miƙa gaisuwata ga Malam Balarabe, da Saude, da Nagode. Barira ta ce in gaishe ki da kyau, kuma ki aiko mata da irin kabeji.

Ƙaninki,
Malami.